Saniyar da ke Lasar Suri

In ban da wata tatsuniya da kakata Tumba ta yi mana ina 'yar shekara bakwai ko takwas, da jikata Safiya ba ta kai yau ba. Haka nake gani a raina, Allah shi ne masani. Tsakanin daren da na ji tatsuniyar da ranar da ta yi mini amfani an yi shekaru sun fi hamsin, kuma duk tsawonsu ban ɗauke ta komai ba illa labarin wata saniya mai taurin kai.

A wani ƙauye na tashi, gefen fadamar Gummi. In an gama girbi, ɗari ya sauko, da mun ci tuwo mun yi sallar isha sai mu nufi ƙofar ɗakin Kaka. Tana da wani kasko da ya fashe a gefe, a ciki take hura wuta da karan dawa. Ba zaman banza muke yi ba. Gyaɗar iri ake jibge mana a faifai, don ita ba a saka ta turmi, da hannu ake ɓare ta ɗaya ɗaya, in ta fashe ba ta tsira. Ɓawon muke watsawa cikin wutar, ya yi ta ƙara yana tartsatsi. Har yau in na ji warin ɓawon gyaɗa yana ƙonewa sai in ji kamar zan waiga in ga tsohuwar nan zaune bisa buzunta, ta miƙe ƙafa ɗaya, ta lulluɓe da baƙin zanenta na saƙi.

Mu uku ne kullum: yayata Hassi, da Kulu 'yar baffanmu, da ni. Sunan Kaka anka sa mini, saboda haka ba wanda ke kama sunana a gidan. Ita kuwa Takwara take ce mini. Dokarta ɗaya ce: in hannu ya tsaya, baki ya tsaya. Tana tsakiyar labari, kura ta buɗe baki za ta cafke mutum, in ta ji ƙarar ɓawo ta ragu sai ta yi shiru ta kama sakace.

"Kaka, sai me ya faru?"

"Na manta. Tsufa ne. Ƙila in na ji gyaɗa tana magana in tuna."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙaya. A shimfiɗa mata ko a kore ta?" Mu ce a shimfiɗa mata. Ta ce, "To ku matsa, tana da faɗi."

A daren da nake magana, baƙuwar da ta zo labarin wani makiyayi ne mai garke babba. Cikin garken akwai wata jar saniya wadda ya fi so, don ita ce mai nono, ita ce mai kyawun maruƙa. Wata damina, ciyawa ta yi shar har gwiwa, sai saniyar nan ta tsiri wani hali. Da an kora su kiwo sai ta bar ciyawa, ta bar 'yan uwanta, ta miƙe zuwa wani tsohon suri da ke bayan tudu, ta tsaya tana lasarsa. Cikin surin kuwa kumurci ke kwana. Kowa ya san da shi, ya taɓa kashe tinkiya biyu.

Makiyayi ya sa sanda ya kore ta. Gari ya waye ta koma. Ya dake ta har sandar ta tsage, ta koma. Ya yi mata dabaibayi, ta riƙa tsalle da ƙafa ɗaure har ta isa. Sai ya ce ƙila ƙoshi ne ba ta yi, ya sayo dusa da harawa ya tara mata ita kaɗai. Ta cinye tas, ta lashe baki, ta tafi suri. A nan Kaka kan kwaikwayi tafiyar saniyar da kafaɗunta, mu yi ta dariya har Hassi ta shaƙe.

Mutane sunka ce mai shi ya yanka ta tun maciji bai riga shi ba. Wasu sunka ce iska ce ta shige ta. Ya wasa wuƙa ke nan, sai ga wata tsohuwa mai tallar nono ta biyo ta rugar. Ta tambayi abin da ya faru, anka gaya mata. Ta ce, "Kun tambayi saniyar?" Anka yi mata dariya, anka ce tun yaushe saniya ke magana. Ta sauke ƙwaryarta, ta tafi wurin surin da rana tsaka, lokacin da macijin ke can ƙasa, ta durƙusa daidai inda harshen saniyar ya sulɓe ƙasar, ta sa nata harshen ta lasa. Ta dawo ta ce da makiyayi, "Ɗan nan, yaushe rabonka da ba shanunka kanwa?" Ashe tun da hanyar kasuwa ta yanke da ruwa bai ba su ba. Sauran shanun sun haƙura, ita mai shayarwa jikinta ya kasa haƙura. Anka jiƙa kanwa a kwami anka ajiye mata. Ta sha, ta sha, ta ɗaga kai. Daga ranar ko kallon tudun ba ta sake yi ba.

"Baƙuwa ta naɗe tabarmarta," in ji Kaka, "ta wuce gidan gaba."

Kulu ta ce, "Shi ke nan? Macijin bai sari kowa ba?"

"Ke kullum sai an mutu kike jin daɗin labari. Halin gidan uwarki ne." Ta tura kara cikin wuta, sannan ta bi mu da kallo. "Ku ukun ga, aiki guda kuke yi, amma ba abu guda ya kawo ku ba. Ke Hassi, buɗe bakinki in gani."

Hassi ta rufe baki da hannu biyu. Duk ƙanƙanannun ƙwayoyin da ba su isa iri ba cikinta suke tafiya, har da waɗanda sunka isa.

"Ita wagga cikinta ya kawo ta, kuma ita ta fi ku gaskiya. Ke Kulu, tun ɗazu idonki na bisa tulin Hassi. So kike da safe ubanki ya zo ya ga naki ya fi tsawo."

Kulu ta turo baki. Ni kuwa na gyara zama, don na san ba ni ci, ba ni gasa.

"Ke fa, Takwara?"

Na ce, "Ni don tatsuniya nake zuwa."

"Ƙarya kike. Jiya a rabinta kika yi barci, hannunki bai daina ɓara ba. Ke jira kike in ce, ba don Takwara ba da gyaɗar ga ta kai mu bazara. In na faɗi haka sai ki kwana kina murmushi, ina ganinki."

Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai. Ta dafa ƙeyata da hannunta mai sanyi ta ce, "Ba laifi ba ne. Irinku ke riƙe gida. Ki dai lura, mai son a ce ba don shi ba, ba shi barin ma kowa abin yi."

Ban gane ba. Na ɗauka yabo ne da ɗan tsokana a gefe, irin nata.

Kaka ta rasu kafin a kai ni ɗaki. Aure ya kai ni ƙasar Anka, wani ƙauye da bai da nisa da Duza. Na haifi tara, biyar sunka tsaya. Maigidana ya rasu, na zauna wurin ɗana na fari. Ba ni kama sunansa, Baban Safiya zan ce. Ya auro Dije, 'yar Fulanin wajen Zugu, yarinya mai kunya, doguwa, ba ta da yawan magana. Shanun ubanta ɓarayin daji sunka kore su a dare ɗaya, bayan aurenta da 'yan watanni, har da biyun da ke nata. Ta yi kuka ta share hawaye, munka ce ta yi haƙuri, munka ɗauka magana ta wuce.

Ni ke riƙe da gidan, kamar yadda na riƙe shi tun ina da ƙarfi. In an fiddo dami daga rumbu, ƙwaryar awo a hannuna take. Ni ke cewa yau dawa, gobe gero. Ni ke kaɗa miya, ni ke riƙe mara in an zo kwasar tuwo, ni ke sanin kwanon kowa. Da Dije ta haifi Safiya, ni ke yi mata wanka, ni ke goya ta. Mutane na cewa Dije ta yi sa'ar uwar miji, ba ta taɓa komai sai shara da wanke-wanke. Ni ma haka na ɗauka. Ina jin daɗin a faɗa.

A shekarun nan ne haƙar zinari ta cika ƙasarmu. Maza na kawo dutse cikin buhu, mata na farfasa shi da guduma a tsakar gida, su daka a turmi, su shanya. Ƙurarsa ta kwanta bisa komai, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Sai yara sunka fara ciwo. Yaro na wasa da safe, da la'asar ya kama jijjiga, idonsa ya juye. A layinmu kaɗai na yi wa gida uku gaisuwa cikin mako guda. Daga baya ma'aikatan lafiya sunka zo sunka ce dalma ce a cikin dutsen, guba ce, yara ta fi kamawa. Anka kankare ƙasar gidajenmu anka kwashe, anka zubo sabuwa. Anka roƙe mu, don Allah kada dutse ya sake shiga inda yaro ke kwana.

Baban Safiya ya ji, ya daina kawowa. Amma wata rana da hantsi na ji ƙarar taɓarya a bayan ɗakin Dije, ba irin ƙarar hatsi ba. Na zagaya. Ga ta durƙushe, fuskarta fari fat da ƙura, Safiya na zaune kusa da ita tana wasa da tsakuwa. Maƙwabciyarmu Lanti ce ke miƙo mata dutsen ta kan danga, ta daka ta mayar.

Na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi ba. Mijinta ya dawo daga gona ya ɗora nasa, ya ce in ta sake zai mayar da ita Zugu. Munka ɓoye ƙaramin turmin. Ta samo wani faffaɗan dutse ta ci gaba. Na ce da shi ƙila sutura take so ba ta iya faɗi, ya sayo mata atamfa biyu da takalmi. Ta durƙusa ta yi godiya, ta ajiye su cikin kwalla ba ta ko ɗinka ba.

Sai Safiya ta kwanta. Amai, ba ta cin komai, wuyanta ya saki. A babur munka kai ta asibiti a Anka, ina rungume da ita a baya ina ta salati. Sunka ɗauki jininta, sunka ce dalmar ce, sunka sa ta a magani na kwanaki masu yawa. Likitan ya ce mana a fili, magani na fidda wadda ta shiga, amma in ta koma cikin ƙurar nan ba shi da abin da zai yi. Dije ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta rantse. Kuma na san tana son 'yarta, ba a koya wa ido irin kukan da na gani.

Wata ɗaya da dawowarmu, na sake jin ƙarar.

Nan ne hankalina ya tsaya cik. Tsoron saki bai hana ta ba, kyauta ba ta hana ta ba, ganin 'yarta a bakin mutuwa ya hana ta wata ɗaya kawai. Mata sunka fara cewa a kai ta wurin mai ruƙiyya. Baban Safiya ya ce shi ya gaji, ranar kasuwa zai kai ta gidansu ya bar mini yarinyar.

Kafin ranar kasuwar zazzaɓi ya kayar da ni. Kwana huɗu ban san inda kaina yake ba sosai. Ina kwance dai ina jin gida. Na ji an fiddo dami, na ji sussuka, na ji Dije na kiran yaran maƙwabta su kawo mata wuta, na ji tana yi wa Safiya waƙa da Fillanci tana mata wanka. Ban taɓa jin muryarta ta kai ƙofar gida ba sai ranar. Ta kawo mini fura mai laushi wadda ban taɓa sanin ta iya ba. Na ji Lanti ta leƙo ta danga tana kira, Dije ta ce, "Ba ni da sarari, aiki ya yi mini yawa." Kwana huɗun nan ko sau ɗaya ban ji ƙarar dutse ba.

Rana ta biyar na miƙe. Abu na farko da na yi, na ɗauki ƙwaryar awo daga inda ta ajiye ta, na ce sannu da ƙoƙari, je ki huta. Da azahar ƙarar ta dawo.

Ina riƙe da muciya na ji ta. Wallahi sai na ga tsohuwar nan mai tallar nono durƙushe gaban suri, kamar jiya anka ba ni labarin. Mun yi duka, mun yi dabaibayi, mun tara dusa. Ba wanda ya durƙusa.

Na sauke tukunya, na zagaya bayan ɗaki. Na fara ɗauke Safiya na kai ta gidan gaba, sannan na dawo na zauna a ƙasa kusa da Dije. Ta saki gudumar tana jiran faɗa.

Na ce, "Dije, ba faɗa na zo ba. Tambaya na zo. Mi kike samu a dutsen ga?"

Ta ce, "Inna, kuɗin dakan da Lanti ke ba ni suna nan ƙulle a tsumma, ban taɓa su ba."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

Ta dubi hannuwanta. "A rugarmu, in ban tashi da asuba ba, ba a tatsa. Maruƙa na kuka, ƙannena na jira, ubana ba shi fita sai ya sha abin da na dama. In na ɗauki ƙwarya na shiga gari, akwai gidajen da ba su karyawa sai na iso. Nan kuwa, Inna, ko na kwana har la'asar ba abin da zai tsaya. Ko 'yar da na haifa, in ta yi kuka ke take nema." Ta goge fuska da gefen zane, ƙurar ta yi layi. "Lanti kaɗai ke leƙowa ta ce, Dije kin gama? Ana jiran ki."

Na zo neman abin da ke damun yarinya, na tarar da kaina tsaye a tsakiyarsa. Shekara uku ina cinye aikin gidan nan ni kaɗai ina jiran a ce ba don Inna ba, ita kuwa tana zaune da yunwar abu ɗaya da ni.

Da la'asar, da mijinta ya dawo, na kira su duka biyu. Na ɗauko ƙwaryar awo da mara na ajiye gaban Dije. Ya ce, "Inna, lafiya? Wani abu anka yi miki?" Don a wurinmu uwar miji ba ta sakin awo tana da ƙafa, sai in ciwo ya kayar da ita ko fushi ta yi. Na ce ba fushi, gajiya ce. Na ƙara mata da awakina uku, na ce su ma sun fi ƙarfina. Dije ta ƙi taɓa ƙwaryar sai da na ɗora mata a cinya.

Ba zan ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Awonta ya fi nawa cika, ina gani hatsi na tafiya, in cije leɓe. Miyarta ba irin tawa ba ce. Mata sunka yi ta magana, wai surukata ta ƙwace gida. Da asuba jikina kan tashe ni da kansa, in zauna bakin gado ba ni da inda za ni. Sau biyu na kai hannu ga ƙwaryar nan na janye. Amma ranar kasuwa ta zo ta wuce ba a kai kowa Zugu ba. Dije da kanta ta kankare ƙasar bayan ɗakinta ta kwashe ta kai can bayan gari, ta toshe inda dangar ta ɓule da sabon zana. Awakin sun zama garke, tana dama fura ana zuwa saye har daga wani layi.

Safiya ta tashi. Magana ta yi mata nauyi da fari, karatu ma sai a hankali, sa'o'inta sun wuce ta a allo. Amma tana nan, budurwa ce yanzu, tana da hannun kitso, tana da dariya mai yawa. In na dube ta nakan yi wa Kaka Tumba addu'a, Allah ya haskaka kabarinta. Ba ta san dalma ba, ba ta san zinari ba sai a kunnen matan sarauta. Ta dai san cewa mutum ba ya komawa wurin da zai cutu don wauta kawai, akwai abin da yake samu can wanda ba a ba shi a gida, kuma sau da yawa shi kansa ba zai iya faɗin sunansa ba sai an zauna ƙasa an tambaye shi. Na ga haka ga samarin da ke komawa ramin haƙa bayan ya rufta da abokansu, na ga haka ga tsofaffin da ke ƙin barin gona ko da daji ya ɓaci. Ba ni saurin cewa wane ba shi da hankali yanzu.

Yau shekaru ke nan ban auna hatsi ba. Idona ya rage, ƙafata ma haka. Amma kullum in miya ta kusa nuna, sai in ji takun Dije ta nufo ƙofar ɗakina da ludayi, tana tare shi da tafin hannu.

"Inna, ɗanɗana mini. Ni na kasa gane abin da ya rage."

Matar da ta ciyar da gidan nan shekara da shekaru, wadda ake aiko wa daga gidan biki a ce ta zo ta haɗa miya. Ta san abin da ya rage, ta san ba abin da ya rage. Ni ma na san ta sani. Nakan karɓa in hura, in kurɓa, in ɗan yi jim kamar mai nazari, sannan in ce ta ƙara daddawa kaɗan. Ta ce to, Inna. Ko tana ƙarawa ko ba ta ƙarawa, ban taɓa bin ta madafa in duba ba.